Sawuna Ne Ya Kai Ni Gaban Alƙali

Ina ɗan shekara goma sha biyar abin nan ya same ni, zamanin da Joji, Baturen mulki, ke zuwa rangadi bisa doki. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Kwargaba, muna noman albasa a fadama. Ni kowa ke aike, mata su ba ni goro in kai gidan suna ba tare da sun duba ba. Ina kuma da wata alama: ƙaramin yatsan ƙafata ta hagu ya guntule tun ina rarrafe, sawuna ko makaho ya shafa ya san nawa ne.

Wata safiya na ga awaki sun shiga gonar maƙwabcinmu, inda ya shanya irin albasarsa. Na shiga na kore su, na wuce abina ban gaya wa kowa ba. Kuskurena ke nan. Da azahar aka ce an kwashe irin kaf. Aka kira mai bin sawu, ya duƙa yana bi har ƙofar gidanmu. Na rantse, na kawo zancen awaki, aka ce mi ya hana ni faɗi tun da safe. Ɗan doka ya tasa ni gaban alƙali, aka yi mini bulala ranar kasuwa.

Wallahi bulalar ba ta kai abin da ya biyo baya zafi ba. Aike ya ɗauke. In na shiga masallaci, sai in ga mutum ya jawo takalmansa kusa. Duk na jure, don inna ta ce ta yarda da ni. Sai wata rana na shiga ɗakinta shan ruwa, ta yi wuf ta tura kwallar da take ajiye awarwaronta ƙarƙashin gado, tana zaton ban gani ba. Ranar na yi kukan da ban yi gaban alƙali ba. Kafin damina na gudu Goronyo wajen masunta, ko sallama ban yi mata ba.

Bayan shekara uku ƙanen mai gonar ya kwanta ciwo, ya furta cewa shi ya kwashe. Aka aiko in dawo. Na iske inna ta rasu da wata biyu. Yayata ta miƙo mini kwallar nan, ta ce inna ta bar wasiyya kada a ba kowa sai ni. Ashe ta san na gani.

Har yau ban yafe wa kaina wannan gudun ba. Jama'a, zato zunubi ne. Bulala tana warkewa, amma yaro ba ya manta irin kallon da aka yi masa a gida. Ku kuma yara, in na gida ya ɓata muku rai, ku tsaya ku faɗi. Ni na tafi da fushi, na dawo babu wadda zan ce wa na yafe.