Hannuna a Bakin Azumi

Wata Laraba ce da hantsi, an gama shigar da gero ke nan, a kakar da ta biyo bayan dawowar sojojin da suka je yaƙin Bama. Ina tsugune a tsakar gidanmu, a wani ɗan ƙauye na ƙasar Roni da ke gindin duwatsu, muna 'yar carafke da ƙanwata Azumi, ina yi mata ha'inci kamar yadda na saba. Sai muka ji yekuwar mai unguwa daga bakin rijiya, wai masu lamba sun iso daga Kazaure tare da duba-gari da ɗan doka, kowa ya fito da 'ya'yansa a yi musu rigakafin agana. Kafin ya rufe baki Inna ta yar da taɓarya. Baba yana gona wajen cirar gyaɗa. Yayarsa, Gwaggo Delu, wadda ke zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, ita ta jingina tsani a jikin rumbu, ta ɗaga jinka, ta tura ni ciki, ta miƙo mini Azumi. Ƙaninmu Tanko, ɗan shekara uku, aka kifa masa babban kwando a bayan turken awaki. Gwaggo ta leƙo da idonta guda ɗaya ta ce, "Ladi, yau dai ki riƙe bakin nan naki." Ta mayar da jinka, muka zauna cikin duhu a kan damman gero.

Da dalili ta faɗi haka. Shekarata tara a lokacin, kuma duk unguwar babu mai surutuna. Baba ma da sunan Aku yake kirana. In muka tafi ɗiban ruwa da zance nake zuwa da zance nake dawowa, har tulu ya sha faɗowa daga kaina. A makarantar allo na fi kowa shan bulala, ba don daƙiƙanci ba, sai don ina karatu ina ba na kusa da ni labarin abin da akuyarmu ta yi jiya. A dandali ni ke ba da waƙar gaɗa, in baiti ya ƙare na ƙirƙiro nawa. Azumi kuwa, 'yar shekara biyar, ita ce mai saurarona. Duk inda na sa ƙafa tana riƙe da gefen zanena, duk ƙaryar da na shirga sai ta buɗe ido ta ce, "Da gaske, Yaya?"

Mutanenmu ba mugunta ce ta sa suke ɓoye yara ba, tsoro ne. Sun ga an ɗebi maza zuwa haƙar kuza wasu ba su dawo ba, sun ga an ɗebi samari zuwa yaƙi. Sai aka ce lambar nan shaida ce Nasara ke yi wa yaro, don in ya girma a zo a ɗauke shi. Wasu suka ce tana hana mace haihuwa. Gwaggo Delu ba ta damu da waɗannan ba. Ita agana ta kama ta tun tana yarinya, ta cinye mata idon hagu, ta bar mata fuska duk zanzana. Da aka gaya mata wai tsaga fatar yaro ake yi a shafa masa ciwon da hannu, sai ta rantse ba za a yi wa 'ya'yan ƙaninta ba tana raye.

Cikin rumbun akwai zafi, ga ƙaiƙayin gero yana shiga wuya da hanci. Ba a daɗe ba muka ji sallamar baƙi, muka ji Tanko ya tsala ihu daga ƙarƙashin kwando, don shi bai san wasan ɓuya ba. Aka ciro shi. Muka ji kukansa ya sauya lokacin da aka tsaga masa dantse, Inna tana ta salati. Sai Azumi ta fara mutsu-mutsu. "Yaya, zan fita," ta ce, "zan je wurin Tanko." Takun ɗan doka ya nufo rumbun. Na jawo ta jikina, na sa tafin hannuna na toshe mata baki da ƙarfi. Ta yi ta fizga, ta cije ni, hawayenta da majina suna bin yatsuna, ban saki ba. Ɗan dokan ya daki rumbun da kulki sau biyu, ya tambayi Inna sauran yaran. Ta ce mun tafi Gwiwa wurin kakarmu. Suka fita.

Ranar nan na sha yabon da ban taɓa sha ba. Baba ya dawo ya ji labari, ya dafa kaina ya ce ashe Aku ta iya shiru, ya sa aka dafa mini ƙwan zabi har biyu. Na yi mako ina ba da labarin a bakin rijiya, ina ƙara masa gishiri, ina nuna shatin haƙoran Azumi a hannuna. Tanko kuwa kowa tausayinsa yake ji. Inna ta goge wurin da toka da ruwan tsamiya ko zai fita, amma ya kama, dantsen ya kumbura, ya yi kwana uku yana zazzaɓi, daga baya ya warke ya bar tabo.

Da bazara agana ta shigo gari. Ba a kiran sunanta, sai dai a rage murya a ce 'yan rani sun sauka a gidan wane. Aka daina gaɗa, aka daina kiɗa, ko daka ba a yi kusa da ɗakin mai ciwo. Ni na fara kwantawa da zazzaɓi da ciwon baya, bayan kwana biyu Azumi ta bi. Tabarma ɗaya muke kwana mu uku da Tanko, amma shi ko ciwon kai bai yi ba. Da ƙuraje suka feso mana, mai unguwa ya ce a fitar da mu bayan gari. Baba ya kafa bukkar kara a gefen gonarmu, can ƙarƙashin wani dutse. Inna tana da tsohon ciki, ba a bar ta ta bi mu ba. Gwaggo Delu ce ta goya Azumi, ta riƙe hannuna, don wanda ciwon ya taɓa kamawa ba ya sake kama shi.

Ta tankaɗe rairayi mai laushi ta shimfiɗa, a kansa muke kwance ba riga, don tabarma tana manne wa ƙurji. Ta naɗe mana hannuwa da tsumma kada mu yi susa. Kullum da safe Inna takan kawo kunu da ruwa ta ajiye a gindin wata kuka mai nisa, ta tsaya tana hango bukkar, Gwaggo ta je ta ɗauko bayan ta matsa. Ban san yadda zan kwatanta azabar ba. Ƙurajen sun ɗuri ruwa, sun fito har cikin baki da tafin ƙafa, ga wari, ga ƙudaje. Na yi ihu, na zagi Gwaggo, na zagi bukkar, na yi ta birgima ina goga fuskata a ƙasa. Ba ta tsawata mini ba. Ta bari sai da muryata ta dushe, sannan ta kama haɓata ta juyo ni ga mataccen idonta ta ce, "Haka na yi, ga abin da na samu. Kada ki yi kokawa da shi. Bar shi ya yi ta cinsa, ke ki koma kunne."

Na ce ban gane ba. Ta ce in kwanta luf, in rufe ido, in gaya mata abin da na ji. Na ce ban ji komai ba. Ta ce, "Akwai saura." Don haushi na yi shiru, in nuna mata babu abin ji a wannan daji. Can sai na ji kurciya a kan dutse. Na faɗa mata. "Akwai saura." Na ji iska tana shiga tsakanin karan bukka, na ji ƙadangare yana gudu a kan busasshen ganye, na ji kukan shanun Fulani can nesa wajen fadama. Kowanne na faɗa amsarta ɗaya ce. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki. Ƙaiƙayin bai tafi ba, kada in yi ƙarya. Yana nan yana cin fatata, amma sai ya zama abu guda cikin abubuwa masu yawa, ni kuma ina gefe ina jin su duka. Gwaggo tana zaune a tsakaninmu, tana kore ƙuda da reshen sabara, wani lokaci tun daga hantsi har azahar ba ta ce uffan ba. A duk rayuwata ban taɓa zama da mutum haka ba tare da na cika wurin da zance ba, kuma ban ji kewar zancen ba.

Abu na ƙarshe da na gano shi ne numfashin Azumi. Nata ciwon ya fi nawa muni, ƙurajen sun haɗe sun zama ɗaya, idanunta sun rufe, ba ta iya haɗiyar kunu. Numfashinta yana da wani ɗan sauti a ƙarshe, siriri. Na riƙe shi. Nakan ja nawa daidai da nata, in saki daidai da nata, ina jin kamar ina taya ta ɗaukar kaya. Rana ta goma sha ɗaya, bayan azahar, Gwaggo ta tafi gindin kuka ɗauko ruwa. Ina kwance ina bin numfashin. Ta ja, ta saki. Ta ja, ta daɗe, ta saki. Na jira na gaba. Kurciya tana kuka, iska tana shiga kara, na gaban bai zo ba. Ban yi ihu ba. Na miƙa hannuna mai tsumma na ɗora a kan nata, muka zauna haka har Gwaggo ta dawo. Ta dube mu daga bakin bukka, ta ajiye tulu, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wasu dattawa biyu masu zanzana suka zo suka binne ta a nan gefen gonar, Baba yana tsaye daga nesa ya rufe fuska da hannun riga.

Bayan kwana shida ƙurajena suka fara bushewa, har ina iya zama a bakin bukka. Da safe na hango Inna ta zo gindin kuka, Tanko yana biye da ita yana tsalle, yana jifan ƙadangaru, lafiyarsa ƙalau. Na tambayi Gwaggo su wa da wa suka mutu a gari. Ta lissafa mini. Na tambaye ta yaran da aka kama aka yi wa lamba fa? Ta ce babu wanda ya kwanta a cikinsu. Yarinya ce ni amma ba wawuya ba. Na dubi hannuna. Shatin haƙoran ya daɗe da ɓacewa, amma na san inda yake. Na ce, "Gwaggo, ta ce za ta fita. Ni na toshe mata baki." Na so ta ce mini ƙaddara ce, kamar yadda kowa ya yi ta faɗa daga baya. Ba ta faɗa ba. Ta daɗe tana kallon kukar, sannan ta ce, "Ni na jingina tsanin." Ta matso ta zauna kafaɗarta tana taɓa tawa, muka yi shiru har inuwar dutsen ta rufe mu. Na yi kuka, ita ma hawaye yana zuba daga idonta mai rai. Abin bai sauka daga kaina ba, har yau bai sauka ba, amma a zaman nan na gane ana iya ɗaukarsa a ci gaba da numfashi.

Na koma gida da fuska irin ta Gwaggo, sai dai idanuna biyu sun tsira. Baba bai sake kirana Aku ba. Da masu lamba suka dawo bayan shekara biyu, Gwaggo Delu ce ta saɓa 'yar da Inna ta haifa bayan rasuwar Azumi, ta ratsa gari da ita a kafaɗa, ta tsaya a gaban layi ba ta yi wa kowa bayani ba. Matan unguwa suka dubi fuskarta, suka dubi tawa, suka koma gida suka ɗaga kwanduna.

Yanzu ina zaune a Kazaure a gidan ɗana. Agana ta ƙare a duniya, jikokina ba su ma san sunanta ba, sukan shafa kumatuna su tambaye ni wa ya yi mini ramuka. Tanko ya yi furfura, tabon yana nan a dantsensa. Garin ya cika da ƙarar babura da injin niƙa, kowa da waya a kunne, ban ga mai iya zama da ɗan'uwansa ba tare da an kunna wani abu ba. Gonar nan ta gindin dutse an daɗe da sayar da ita, kukar ma ta faɗi, ban san daidai inda Azumi take kwance ba. Amma bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, in rufe ido, in bi sautuka ɗaya bayan ɗaya har in wuce baburan, in ji muryar Gwaggo tana cewa akwai saura. Sau da yawa wata jikata 'yar shekara biyar takan zo ta zauna a jikina ta dasa surutu, uwarta ta leƙo ta daka mata tsawa, wai ta rufe baki Kaka tana hutawa. Kullum nakan ce a ƙyale ta. Ni zan yi shirun, ita a bar ta ta faɗi abin da take so.