Tonon Sharar Ranar Lahadi

Yayana ne ya buɗe mini adireshin imel, a wani kafe na intanet da ke bakin titi a Kudenda, ana saura 'yan makonni ya tafi. Ni a lokacin ban ga amfanin abin ba. Wa zai rubuto mini? Duk wanda na sani a duniya yana tsakanin gidanmu da coci da kasuwa. Amma ya zaunar da ni, ya zaɓi sunan da kansa, ya sa na yi ta maimaita kalmar sirrin har na ƙosa. Ya ce waya tana ɓata, layi yana mutuwa, takarda ana ƙwace ta a hanya, amma wannan adireshi a kansa yake, duk inda ya sami kwamfuta zai rubuto. Na ce masa na ji, malam mai dogon bayani, mu tafi gida yunwa nake ji.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Mama, shi babba, ni auta. Babanmu ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Yaya ya koyi walda, ya yi leburanci a kamfanonin Kudenda, yau a ɗauke shi gobe a sallame shi, har ya gaji. Sai ya bi wasu abokansa ta hanyar Agadas da niyyar tsallaka teku. Ya kira mu daga Agadas. Ya sake kira daga wani gari a Libiya, murya tana yankewa, yana cewa kada Mama ta damu. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Hanyoyin da zai iya samunmu suka dinga toshewa ɗaya bayan ɗaya. Waya ɗaya muke da ita a gidan, ta Mama, aka zare ta daga jakarta a kasuwa, layin kuma da sunan marigayi Baba yake, duk zirga-zirgar da muka yi ba a dawo mana da shi ba. Mai gidan da muke haya ya sayar da gidan, aka rushe. Na yi aure muka koma Kamazou, na taho da Mama. Idan Yaya yana raye kuma yana nemanmu, abu ɗaya tak ya rage da ya sani, wato adireshin nan da ya buɗe da hannunsa.

Ni ce na baza adireshin. Duk wani shafi da ake cigiyar waɗanda suka ɓace a hanyar hamada, na sa hotonsa da sunansa da imel ɗina, na roƙi duk wanda ya gan shi ya rubuto. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Akwatin da a da sai ya yi wata ba kowa, ya koma kamar tashar mota. Mafi yawan saƙonnin ba sa ma shiga babban akwati, na'urar da kanta take tura su wani ɓangare da ake kira sipam, Mama kuma ta raɗa masa suna shara. Ranar da na gaya mata cewa duk abin da ya yi wata guda a cikin sharar nan gogewa yake yi da kansa, sai da ta ajiye tsintsiyar hannunta. Ta ce ashe ɗanta zai iya rubutowa a zubar ba mu gani ba.

Tun daga nan muka tsiri tonon shara. Kowace Lahadi in an taso daga sujada, kafin a ɗora tukunya, Mama takan zauna a kan tabarma a baranda, ɗankwalin zumuntar mata bai ma sauka daga kanta ba, ni kuma in zauna a kujera 'yar tsugune da waya. Ba ta karanta Turanci, don haka sai in karanta in juya mata da Hausa. Ba ta yarda in tsallake ko ɗaya, domin a cewarta wanda ke hannun mutane ba ya rubuta abin da yake so, yana iya ɓoye kansa a cikin maganar banza.

Wani lokacin har dariya muke yi, ba zan ɓoye ba. Na sha sanar da Mama cewa ta ci cacar da ba ta shiga ba. Akwai wata gwauruwa da kullum take kan gadon mutuwa a wata ƙasa, tana neman mai tsoron Allah da za ta bar wa dukiyarta. Karon farko Mama ta ce Allah ya ba ta lafiya. Na ce Mama ƙarya ce, wani ƙato ne zaune da kwamfuta. Ta ce to Allah ya shirye shi. Matar nan ta fi shekara tana mutuwa, har Mama takan tambaya ko ƙawarta ta gaishe mu a wannan mako. Masu tallan maganin maza kuwa nakan ce masu magani ne kawai. Ta tambaya ko na hawan jini ne, na ce ba irin naki ba ne, mu wuce.

Mijina ma'aikacin ofis ne, mutum mai son tsari, ko takalmansa a jere suke kwana. Ganin yadda muke ɓata yinin Lahadi, ya karɓi wayar ya nuna mini cewa akwai dabara, kamar rariya, da za a sa ta tace saƙonni. Waɗanda adireshinsu ke cikin jerin mutanen da na sani su shigo, sauran a goge su tun daga ƙofa. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma na hau shi da faɗa kamar shi ya kai Yaya hamada. Na tambaye shi ko ya san da wane adireshi wanda ya ɓace zai rubuto. Yaya bai taɓa aiko mini da imel ba, ba ni da adireshinsa. A wurin na'ura shi baƙo ne, daidai da gwauruwar nan da mai maganin maza. Mijina ya ce to a sa rariyar ta bar duk saƙon da ke ɗauke da sunansa. Muka gwada, ba ta rage komai ba, domin sunan ni na ba duniya da hannuna.

Masu amfani da sunan su ne suka fi cin raina. Ba irin 'yan damfarar da ke watsa tarko ga kowa ba ne, waɗannan sun karanta cigiyar, sun san ciwonmu. Wani ya ce shi ma'aikacin agaji ne, ya ga Yaya a asibiti. Wani ya ce suna ɗaki ɗaya a kurkuku. Ƙarshen maganar kullum ɗaya ce, a turo wani abu. Sai wasu suka fara haɗowa da hotuna. Maza a kwance a kan siminti, an ɗaure su ta baya, jikinsu duk tabon duka, wasu ban tabbata ma suna numfashi ba. A ƙasa a rubuta, ga ɗan'uwanku.

Dole in duba. Abin da mutane ba sa ganewa ke nan in suna cewa ai sai ki goge. Ta yaya zan goge ban tabbatar ba? Nakan buɗa hoton da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar, in duba kunne, in duba haƙora in baki a buɗe yake, in nemi tabon walda a bayan hannun dama. Ba shi ba ne, amma ɗan wata uwa ne, kuma fuskar takan bi ni har aji, ina koya wa yara lissafi tana tsaye a kan allo. Ban taɓa nuna wa Mama ba. In na zo kan irinsu nakan ce masu tallan fili ne, daga baya in shiga banɗaki in duba ni kaɗai. Na tsani mutanen nan, tsana irin wadda ban san ina da ita ba. Fasto yana wa'azin gafara, ni ina zaune a benci ina tsara abin da zan yi wa ɗaya daga cikinsu da taɓarya.

Ina da cikin fari, ya fara nauyi, wani saƙo ya zo da Hausa. Ba a taɓa rubuto mana da Hausa ba. Ya fara da Mamana, ya ce ni ne, ina raye, ku yafe mini shirun da na yi. Na karanta layin farko na tsaya. Mama ta matso har gwiwarta tana taɓa tawa. Saƙon ya ambaci Kudenda, ya ambaci walda, ya tambayi lafiyar ƙanwarsa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, ni kam na kama. Na fara rubuta amsa, ina gaya masa mun koma Kamazou, sai Mama ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Kar ki faɗa masa komai tukuna. Ce masa in ya dawo zan dafa masa fate da yakuwa."

Na dube ta. Yaya ba ya cin fate. Tun yana yaro in an dafa sai ya sha gari, har Baba ya taɓa cewa da ba don kamanni ba da sai ya ce an musanya masa ɗa a asibiti. Na rubuta yadda ta ce. Muka zauna a wurin, tukunya ba a ɗora ba, mijina ya leƙo ya gan mu ya koma ciki. Da la'asar amsa ta zo. Ya ce Mama kin sa ni kuka, kullum ina mafarkin fatenki, babu abincin da na fi kewa. Daga nan ya shiga bayanin mutumin da ke riƙe da shi da abin da yake nema kafin ya sake shi.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta ce in karanta na gaba. Na gaba kuwa daga mai saƙon Hausar nan ne, ganin mun yi shiru ya turo hoto. Na ce mai tallan fili ne, na yunƙura zan tashi, ciki ya hana ni sauri, ta karɓe wayar daga hannuna. Ta daɗe tana kallo. Ba ta iya karatu ba, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Ta tambaye ni ko wannan ne filin da ake ta tallata mana. Na ce e. Ta tambaya tun yaushe, na faɗa mata gaskiya. Ta tambaya ko duka nake dubawa, na ce duka, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta kalle ni daga sama har ƙasa, irin kallon da take wa kaza a kasuwa, ta ga wuyana da ya rame da idanuna da suka faɗa, ga ciki a gaba. Ta ce ita duk a zatonta laulayi ne.

Makon nan ba ta sake tada maganar ba. Ta yi ta aikinta, ta je taron zumunta, ta tsince wake. Ranar Lahadi da muka dawo na ɗauko waya kamar kullum, sai ta ce in kira mijina. Ta tambaye shi ko rariyar nan da ya taɓa faɗa tana nan. Ya ce tana nan, Mama. Ta sa ya sake yi mata bayani dalla-dalla, har ta tabbatar cewa abin da aka tace ba shara zai tafi ba, gogewa zai yi gaba ɗaya, ba mai sake ganinsa. Ta ce a sa.

Na ce, "Mama, in ya rubuto fa? Ba za mu taɓa sani ba."

Ta ce, "Na sani, Auta. Ɗaya hamada ta karɓa, ban ga yadda aka yi ba. Ke kuma a gabana ake cinki, ina zaune ina cewa karanta na gaba. Ba zan ba su biyu ba."

Na yi gardama, na yi kuka, har na ce mata ta gaji da ɗanta ne, maganar da ko a lokacin na san ba gaskiya ba ce. Ta bari na gama, sannan ta ce ni zan danna, ba mijina ba, tunda ni aka bar wa adireshin. Ya shirya komai ya miƙo mini. Wani ɗan ƙaramin wuri ne shuɗi a ƙasan fuskar wayar, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Mama ta ɗora hannunta a kan nawa, hannun yana da sanyi, muka danna. Ta tambaya ko shi ke nan, na ce shi ke nan. Ta ce ko ƙara bai yi ba.

Ta daɗe a zaune tana kallon ƙofar gida. Duk tsawon shekarun nan, duk wanda ya zo da fuskar jaje korarsa take yi, ta ce ba a yi mata mutuwa ba, kar wanda ya jawo wa ɗanta. Ta kwance ɗankwalin zumuntar, ta ninke shi a cinyarta, ta ce wa mijina ya je gidan fasto kafin faston ya fita, ya kuma biya wurin shugabar mata.

Ta ce, "Ka ce musu su zo. Zan karɓi gaisuwa."