Gaurakan Hajiya da Ƙofar Ruwa

Ko da zan manta komai na shekarun karatuna, ranar da muka kai gaurakan kakata fadama ba za ta fita daga raina ba.

A gidanmu na Ƙofar Na'isa kakata Hajiya tana da gauraki biyu, mace da namiji, tun kafin a haife ni. Ina aji biyar na sakandare macen ta mutu. Namijin ya daina rawa, ya rage cin dawa, sai ya tsaya gindin rijiya yana kira. Ni ba mai yawan magana ba ne, a nan nake zama da littafina, don haka ni na fi kowa jin kukan.

Wata safiya Hajiya ta ce, "Maigida, ajiye bokon nan. Gwauronka zai mutu mana a gida. Mu kai shi cikin danginsa ya yi sabon aure."

Ƙarshen damina ne. Muka naɗe shi da zane, kawuna ya ja mota zuwa fadamar garin su Hajiya, gabas da Kano. Duk hanya tana ba mu labarin yadda kogi ke tumbatsa a irin wannan lokaci, ya malale cikin ciyawa, gauraki su yi sheƙa a tsakiyar ruwa inda dila ba ya kai wa.

Da muka isa, shanu muka tarar suna kiwo a wurin. Kogin ya koma siriri, mutum zai tsallaka bai naɗe wando ba. Wani dattijo da ke ɗinkin komar kamun kifi a inuwa ya amsa sallamarmu.

"Baba, ina ruwan?" in ji Hajiya.

"Sai an buɗe ƙofa, Hajiya."

"Wace ƙofa? Ƙofar Ruwa? Ai kullum a buɗe take!"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ƙofar dam yake nufi. Da damina a tare ruwan, da rani a sako wa masu noman rani da famfunan birni. Lokacin da tsuntsu ke neman ruwa babu, in ya zo kuma ya zo ba a kan lokaci ba. Ya ce ya manta rabon da ya ga gauraka.

Duk da haka Hajiya ta kwance zanen. Gaurakan ya miƙe wuya, ya yi kira, ya sake yi. Muka yi tsit muna saurare. Babu abin da ya amsa.

"Ɗauko shi, Maigida," ta ce a hankali. "Gara gwauranci a gidana."

Ban ga laifin masu dam ba, don ruwan nan shi muke sha, shi ke shayar da tumatirin miyarmu. Amma tun ranar na gane ruwan da ke zuwa famfonmu daga gidan wani aka ɗebo shi. Har yau in na buɗe famfo, ba na barinsa ya zuba a banza.