Ranar da Na Tuƙa Jar Motarsa

Ni fa tun farko ban so motar nan ba. Ranar da Baban yara ya sa aka jawo ta zuwa bayan gininmu a unguwar Madain Fahd, nan ƙasa mai tsarki, na leƙo ta taga na ce, "Wannan kuma gawar wa aka kawo mana?" Ba gilashi, ba kujeru, har kyanwa ta haihu a ciki. Shi kuwa sai washe baki yake, wai motar Amurka ce ta da, mai ƙofa biyu da inji mai silinda takwas, irin wadda 'ya'yan masu hali ke wucewa da ita a unguwar Sharafiyya lokacin yana yaro, yana bin ta da ido har ta sha kwana. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, amma kada in ga baƙin mai a zanin gadona.

Bakanike ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin manyan motocin da ke jigilar alhazai. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya ci abinci a tsaitsaye ya sauka wajenta. Haka aka yi ta yi. 'Ya'yanmu mata suka girma, suka yi aure, suka haihu, mota tana nan ana gyara. Daga ƙarshe ya fente ta ja wur kamar tattasai. Ranar da ta fara tashi, tagogin gininmu sai da suka yi rawa, maƙwabciyata ta fito ba mayafi.

Burinsa ɗaya ne. Lokacin sanyi masu tsofaffin motoci kan taru a wani fili a wajen gari, ta arewa. A baje motoci ana kallo, bayan la'asar kuma a jera su bibbiyu a miƙaƙƙiyar hanya, fitila ta nuna kore, kowa ya taka iya ƙarfinsa. Kafin ka gama hura shayi an gama. Kowace shekara yakan je kallo, ya dawo yana cewa, "Baɗi da mu za a yi, in sha Allahu."

Shekarar da motar ta kammala, a shekarar ciwon suga ya ci idonsa. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya koma sai haske da inuwa. Lasisi ya ƙare, ba a sabunta ba. Da muka dawo daga asibiti ya ce in kama masa tamfol, muka rufe ta. Ya shafa bayanta ya ce, "Halas, shi ke nan." Daga ranar bai sake saukowa ba. Yana zaune a falo kan kujera ɗaya, ba rediyo, ba hira, abinci yadda na kai haka nake ɗaukewa. Wallahi idon bai tsorata ni kamar zaman nan ba. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, ga shi yana narkewa a gabana ina kallo.

Mijin babbar 'yarmu ya ce zai tuƙa ta a madadinsa. Baban yara ya yi masa godiya, ya ce a bar shi kawai.

Wata safiya ya ture kwanon wake da burodi, ko taɓawa bai yi ba. Raina ya ɓaci. Ni dai na koyi tuƙi ne da girmana, bayan hukuma ta ba mu mata damar tuƙi, da wata 'yar ƙaramar mota mai canza giya da kanta, don in riƙa kai shi asibiti. Na tsaya a kansa na ce, "Baban yara, tashi. Ni zan ja ta."

Ya ɗago. "Ke?"

"Ni ɗin."

"Hajiya, ke da kike salati in babbar mota ta gifta ki?"

"To, sai in yi salatin a cikin taka."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Sannan ya ce, "Sau ɗaya. Ki yi min sau ɗaya, sai a nemi mai ido ya karɓe ta." Na ce na yarda, amma ba da son raina ba. Na san in aka raba shi da ita, kujerar falon nan zai koma, kuma ba zai sake tashi ba.

Muka fara fita da safiyar Juma'a, lokacin da tituna ba kowa, can wajen ma'ajiyoyin kaya. Kai, na sha wuya! Kulocin nan tauri ne da shi kamar kana taka buhun shinkafa. In saki, ta yi tsalle ta mutu. In tayar, ta sake mutuwa. Shi yana gefe, ba ya ganin hanya amma ba abin da kunnensa ke bari.

"A hankali, Hajiya! Giya ce wannan, ba taɓarya ba!"

"In ka ƙara yi min tsawa, wallahi a nan zan ajiye ka in tafi!"

"Ki tayar da ita tukuna, sai ki tafi."

Haka muke yi har mu dawo, kowa ya kumbura. Amma da yamma zai sa in miƙe ƙafa, ya lalubo man zafi ya murza min gwiwa, yana mita wai na kusa kashe masa kuloci. Ni kuma in bar shi, don rabon da ya riƙe ƙafata haka tun ina da cikin autarmu.

Ranar taron, autar ce ta raka mu. Fili cike da motoci sai walƙiya suke, dattawa zaune kan darduma ana zuba gahawa, samari na ɗaukar hoto. Suka kewaye tamu suna ma sha Allah. Baban yara ya sa farar riga, yana tsaye hannunsa a kan bonet, yana amsa tambayoyi da Larabci kamar ango.

Masu duba motoci suka duba, suka ce ba laifi. Sannan ɗayansu ya ce direba kaɗai ke shiga, ba a ɗaukar kowa a gefe. Ni duk lissafina yana kusa da ni, yana ce min yanzu, yanzu. Na buɗe baki zan yi masifa, Baban yara ya kama hannuna. "Doka ce, kuma gaskiyarsu ne. Yalla, je ki. Ina jin ki."

Auta ta ja shi zuwa bakin shingen ƙarfe. Ni kuwa aka kifa min hular kwano a kan hijabi, na tattare abaya na cusa a ƙarƙashina, ƙafata cikin kambas ɗin auta da ya matse ni. Abokin karawata wani dattijo ne mai furfura a baƙar mota. Ya dube ni ya ɗora hannu a ƙirji, na ɗaga masa kai. Na kama sitiyari da hannu biyu.

Fitila ta nuna kore. Ni fa tsayawa na yi kallonta. Kafin in farga baƙar mota ta yi gaba. Na ce bismillah, na saki kuloci, na taka totur har ƙasa. Wayyo Allah! Motar nan ta manna ni da kujera, ta yi wani ruri da ban taɓa ji ba duk fitarmu. Salati nake da ƙarfi cikin hular, na sa giya ta biyu, na sa ta uku, hanya na zuwa min a guje. Dattijon ya daɗe da isa, ni ko a jikina. Kuma bari in faɗi gaskiya, na ji daɗi. A nan na gane abin da mutumin nan yake nema shekara da shekaru a bayan gini.

Da na zagayo na tsaya, na fito na nufi wajen Baban yara. Na same shi ya riƙe shingen da hannu biyu, ya karkatar da kai gefe, kunnensa na fuskantar hanya. Auta tana share hawaye.

Na ce, "An cinye mu fa."

"Na sani. Kin yi barci a fitila." Ya saki shingen. "Hajiya, na san ta daga ciki, na san ta daga ƙarƙashi. Ban taɓa jin ta daga nesa tana gudu ba. Ashe haka take."

Muna tsaye sai ga wani mutum cikin masu tara irin waɗannan motoci. Ya gaishe shi da girmamawa, ya ce ya ji ana cewa za a rabu da ita, shi yana so, kuma zai riƙe ta da amana. Na sunkuyar da kai. Alkawari ne, sau ɗaya aka ce, kuma an yi.

Baban yara ya ce, "Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa, amma ba yanzu ba. Da ta shiga ta uku na ji ta yi tari. Ba na ba mutum mota tana tari." Ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Gobe da safe ki sauko da ni. Ke za ki riƙe sifana, ni in gaya miki inda za ki sa."

Na ce to. Kuka ya riga ya zo min, ga hular kwanon ta ƙi fita.