Taraktar da Ba Ta da Makulli

Tun da na buɗi ido ban taɓa ganin tafin hannun Baba fes ba. Baƙin mai ya zauna masa a layukan hannu, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Garejinsa a cikin gidanmu yake, rumfar kwano ce a bayan ɗakin girki, kuma duk motar da mai ita ya fid da rai da ita nan ake turo ta. Wasu su tashi, wasu su zama makwancin kaji. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, takan ce ko ruwan sha ya miƙo maka sai ka ji warin fetur.

A cikin duk ƙarafan nan tarakta ce 'yar lelensa. Makullinta ya lalace tun ban yi wayo ba, kuma Baba, mai gyara na kowa, bai taɓa gyara nasa ba. Ga yadda yake tayar da ita: ya tsaya a ƙasa, daidai gaban babbar tayar baya, ya miƙa hannu ya girgiza sandar giya ya tabbatar tana firi, wato ba ta cikin giya, sannan ya ɗora bakin sukuddireba a kan ƙarafa biyu na jikin sitata, abin da ke tayar da inji. Wuta ta yi tartsatsi, inji ya kama. Girgiza sandar nan kuwa a kanta ran mutum yake. In tana cikin giya, tarakta ba ta jiran ka hau, ta kanka za ta fara bi.

Bara mantuwa ta fara kama shi. Da fari abin dariya ne, ya yi ta neman tabarau yana saman goshinsa. Daga baya ya tambaye ni ko mahaifiyarmu ta dawo daga kasuwa. Tun daga lokacin, da na ji ya nufi rumfa sai in bi shi da ido. Na yi wa yayana magana, shi da yake zuwa aron taraktar in zai yi huɗa.

"Ke dai kin cika tsoro," in ji shi. "Kan Baba ne ke mantuwa, hannunsa ba ya mantuwa."

Yayan nan nawa bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Shi ne ya dawo da taraktar wata rana da yamma, ya ga birki ba ya riƙewa, ya bar ta cikin giya don kada ta gangara, ya kama gabansa bai gaya wa kowa ba.

Washegari da hantsi na fito da shanya a hannu, na hango Baba tsaye a gaban tayar, sukuddireba a hannunsa. Na jira in ga ya miƙa hannu ga sandar. Bai miƙa ba. Ya sunkuya kai tsaye.

"Baba," na ce. Bai ji ni ba.

Tartsatsin ya tashi. Taraktar ta yi tsalle gaba kamar an tsikare ta, tayar ta buge shi a ƙugu, ya faɗi rigingine. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu, don batirin ya yi sanyi. Tayar ta tsaya a kan gefen rigarsa, tsakaninta da cikinsa bai kai tsawon hannu ba. Da almakashin ɗinkina na yanke rigar na jawo shi, garin sauri har na yanki yatsana.

Ya dube ni, ya dubi tayar. "Uwata, wa ya yaga min riga?"

Ban yi kuka a gabansa ba. Na kira yayana na wanke shi tas, na sa ya zo ya mayar da giyar firi, ya kwance wayar batir, muka tura wayar ƙarƙashi inda ido ba zai gani ba. Na ce a sayar da taraktar ma mu huta. Ya ce in aka fitar da ita daga gidan nan, Baba ba zai ƙara wata biyu a duniya ba. Ya ba ni haushi, amma na san gaskiya ya faɗa.

Haka muka zauna. Kullum da safe Baba ya fita, ya ɗora sukuddireba, shiru. Ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya dawo ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon ta. Mutumin da in mota ta wuce a titi zai gaya maka ciwonta daga kukan injin, ya kasa gane waya ɗaya da aka cire. Ganin haka yana ci mini zuciya. Amma duk ranar da ya tashi da hankalinsa garau, tsoro ne ke kama ni, ba murna ba, kuma ina jin kunyar hakan.

Jiya ina wanke-wanke ya kira ni. Na same shi durƙushe, wayar a hannunsa, idonsa tar irin na da.

"Wani sakarai ya kwance min batir," ya ce, yana murmushi. "Miƙo min sifana sha uku, Uwata."

Tana nan rataye a ƙusa, daidai kafaɗata. Na matsa na tare ta da bayana.

"Ban gan ta ba, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Murmushin ya tafi a hankali.

"Ke ce," ya ce.

Ya saki wayar, ya dafa tayar ya miƙe, ya wuce ta gabana ya shiga ɗaki. Yau da safe bai fito ba.