Takardar Malama da Na Ɗauka a Hoto

A lokacin ina da shagon buga takardu da hoto-kwafi a Rogo, ina ganin kaina mai kishin addini, alhali karatuna bai taka kara ya karya ba. Abin da na fi so shi ne a ce ni na fara kawo labari a zauren WhatsApp na samarin garinmu. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina a rai.

Wata ranar kasuwa wata malamar firamare ta shigo shagona. Bahaushiya ce Kirista, 'yar wani ƙauye ta wajen Zoza, gonar mahaifinta ma tana maƙwabtaka da ta kawuna. Muka gaisa, ta tambayi jikin mahaifiyata, sannan ta ba ni takarda ɗaya ta ce in yi mata kwafi goma sha biyar, na zumuntar matan majami'arsu ne. Jerin littattafai ne da aka ba su shawarar karantawa, an kasa su uku: na bangaskiya, na zaman yau da kullum, da na 'yancin addini. Wannan na ukun ne ya tsaya mini a ido. Ban karanta abin da ke ƙarƙashinsa ba, ban kuma tambaye ta ba. Tana juya baya na ɗauki hoton takardar, na tura zaure, na rubuta cewa ga abin da ake shirya wa yaranmu a makaranta. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ambaci makaranta ba.

Washegari da hantsi saƙon ya dawo wayata da wata kama. Yanzu cewa ake ta raba wa ɗalibai littattafan, har wasu sun bar salla. Ina cikin karantawa dagacin ƙauyen ya kira ni, ya ce in zo makarantar yanzu-yanzu, an bi sawun saƙon an tarar daga wurina ya fito. Na tayar da babur na nufi can.

Na tarar da mutane cike da harabar, wasu da sanduna, wasu iyaye ne da suka baro gona a guje suna neman 'ya'yansu. Hedimasta ya kulle malamar a ofis ya tsaya a bakin ƙofa, dagaci da liman suna gefensa. An riga an fasa taga da dutse. Ta nan na hango ta zaune a ƙasa, ta dafe goshi da mayafi, jini na bin yatsunta. Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya tambaye ni a gaban kowa ko na ga ta ba wani yaro littafi da idona. Wallahi sai da zuciyata ta raya mini in ce e, don na san in na ce a'a fushin nan kaina zai juyo. Na sunkuyar da kai. Liman ya sake tambaya, ya ce in ji tsoron Allah. Na ce ban gani ba, ta gaya mini na matan majami'arsu ne, maganar makaranta ni na ƙara.

Wani ya shaƙo wuyan rigata, dagaci ya daka masa tsawa. Liman ya sa hedimasta ya karanta takardar da ƙarfi. Littafi kan haƙuri a lokacin ciwo, wani kan tarbiyyar 'ya'ya, wani kan zaman miji da mata. Na 'yancin addinin kuwa bayaninsa shi ne zama lafiya da maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba, kowa ya yi ibadarsa ba tilas. Aka tambayi ɗalibai aji-aji, babu wanda aka ba komai. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, babu mai kallon wani.

Bayan kwana uku kawuna ya raka ni gidan su malamar. Mahaifinta ya shimfiɗa mana tabarma, ya ce shi ya yafe. Ita ma ta fito da ɗinki a goshi ta ce ta yafe, amma cikin masu sandunan akwai waɗanda ta koya wa karatu, ba za ta iya sake tsayawa gaban ajin nan ba. Ba ta sake ba. Ta koma wajen 'yar'uwarta a Karaye, ta bar koyarwa gaba ɗaya.

An yafe mini, amma yafiyar ba ta mayar mata da aikinta ba, ba ta mayar wa yaran da malamarsu ba. Na gane cewa abin da na kira kishi son a san ni ne kawai, addinina bai taɓa umartata da ƙarya a kan kowa ba. Don Allah 'yan'uwa, kafin ku tura saƙo a kan wani, ku karanta har ƙarshe, ku tambayi mai abin. Layi ɗaya na ƙara, kuma saura kaɗan a kashe baiwar Allah a kansa.