Malam Abdulhadi bai taɓa kama mana hannu ba

Da safen nan ina tsugune a kan injin ban ruwan wani mutumin Utai, hannuna duk baƙin mai, aka kira ni aka ce Malam Abdulhadi ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce wane Abdulhadin? Kamar akwai biyu.

An yi jana'iza bayan azahar, mun dawo. Tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya. Na shiga gida na fito, na je shago na buɗe na sake rufewa. Injin mutumin nan yana can a wargaje yadda na bar shi. Na ce bari in rubuta, tunda shi ya koya mini rubutun.

Masu bina a nan kun san kwana huɗu ke nan ina cika muku waya da murna. 'Yata Hafsatu ta sauka lafiya, namiji, jikana na fari. Har wani ya rubuto mini, "Baba Isa, ka bar mu mu huta, ba kai ka fara jika a Wudil ba." Murnar tana nan, wallahi ba ta tafi ba. Inda zan ajiye ta ne yau na rasa.

Na haura arba'in kafin in shiga ajin yamma na manya a nan Sabon Gari. Malaminmu yaro ne a lokacin, ɗalibin jami'a, na girme shi nesa ba kusa ba. Ba a biyansa. Yana zuwa bayan la'asar da alli a aljihu.

Mu manya kunya ce ke kashe mu. Ranar farko na miƙa masa hannu ya kama ya ja mini baƙin, yadda na ga ana yi wa yara. Sai ya mayar da hannuwansa baya ya ce, "Oga Isa, hannun da ke kwance inji ya mayar ba ya bukatar a riƙe shi. Sake."

Na sake sau tara. Na ji haushinsa ranar.

Da noman rani ya kankama aiki ya yi mini yawa na daina zuwa. Sai ga shi a shagona da darasi a rubuce a bayan takardar siminti. Bai ce me ya hana ka zuwa ba. Ya ce, "Na ga ajin ya koma nan ne, shi ya sa na biyo shi."

Daga baya ya zama Dokta a fannin lissafi da ƙididdiga. Bai taɓa wuce ƙofar shagona bai tsaya ya gaishe ni ba, har da rusunawa. Ni ma ban taɓa iya kiransa wani suna ba sai Malam.

To ga abin da ya haɗa mu na ƙarshe.

Hafsatu tana digiri na biyu. Aikinta a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne, waɗanda ke aika saƙo a jikin mutum. Ba fiɗa take yi ba. A kwamfuta take kwaikwayon ƙwaya guda da lissafi, da wani yaren kwamfuta na masu ƙididdiga da ake kira R. Yadda ta yi mini bayani, caji yana taruwa a ƙwayar kaɗan kaɗan, idan ya kai wata iyaka sai ta buga, ta huce, ta sake tarawa. In aikin ya yi daidai, zane zai fito a allo da tsini tsini a jere.

Nata ya ƙi.

Sai ta latsa, lambobi su fara lafiya, can su haukace su yi ta kumbura, daga nan kwamfuta ta cika layi da wasu haruffa uku masu nufin wannan ba lamba ba ce. Wani lokaci jan rubutu ya biyo baya. Wata biyu tana haka. Ga ciki ya tsufa, ta dawo gidanmu goyon ciki. Ga wa'adin makaranta ya zo ƙarshe: in ba ta miƙa aikin ba ranar Juma'ar nan da ta wuce ta sama, ba sauran ƙari, shekarun da ta yi sun tafi ke nan.

Ƙawayenta sun ba ta dabara. Wai akwai umarnin da za ta rubuta, kwamfuta ta tsallake duk inda lamba ta lalace ta zana sauran. Ta gwada. Jan rubutu ya ɓace, zane ya fito, amma ita da kanta ta san ba gaskiya ba ne. Na same ta a tsakar gida ta zuba wa allon ido tana hawaye. Innarta ta ce, "Ƙwaya ɗaya tal ta hana ki cin abinci. Mu da muke yawo da ƙwaƙwalwa cike da kai fa?"

Ni na kira Malam. Ba shi ke duba aikinta ba, ba ma sashensu ɗaya ba. Ya ce, "Ina zuwa bayan la'asar."

Ranar Talata ce, saura kwana uku.

Ya zo, aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka gaisa, ya tambayi nauyin jiki, ya tambayi mijinta. Hafsatu ta tura masa kwamfutar gabansa. Ya leƙa kaɗan, ya gangara ƙasa ya hau sama, ya tura mata abarta.

Ya ce, "Fara cire abin da kika sa ya ɓoye jan rubutun. Jan rubutu ai masoyinki ne, shi yake faɗa miki gaskiya. Wanda za ki ji tsoro shi ne kuskuren da ya yi shiru."

Na miƙe zan ba su wuri. Ya ce, "Oga Isa, ina za ka? Kai ne babban baƙo yau. Hafsatu, ki karanta wa Baba aikin nan layi layi, da Hausa. Duk inda bai gane ba ya tsayar da ke. Ba ki wuce layi sai ya ce ya gane."

Ta ce, "Malam, Baba fa? Saura kwana uku!"

Ya ce, "Shi ya sa. Ni idan kika yi mini bayani zan riƙa cike miki gurbi da kaina. Baba ba zai cike miki komai ba."

Na ce, "Wato dai jahilcina ake so a yi aiki da shi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Naka ai mai tsada ne, ni na san nawa na rage."

Haka muka fara. Ya mayar da hannuwansa baya ya jingina da bango. Ita tana karantawa, ni ina tsayar da ita. Mene ne wannan? Me ya sa aka raba da wancan? Tana amsawa tana cije leɓe, tana gyara zama saboda bayanta. Sau biyu ta ce, "Baba, wannan ba shi da muhimmanci." Malam ya ce, "In ba shi da muhimmanci goge shi." Sai ta yi bayanin.

Mun kusa awa biyu. Ni kaina na gaji, na fara jin haushinsa kamar ranar farko.

Can ta zo wani layi ta ce, a nan ake gaya wa kwamfuta tsawon taku, wato lokacin da za ta tsallaka kafin ta sake auna cajin. Ta ce da daƙiƙa ta rubuta shi, yadda bayanan ɗakin gwaji suka zo mata.

Na ce tsaya. Ɗazu a sama da kike faɗin saurin hucewar ƙwayar, kin ce a littafin da kika ɗauko, daƙiƙa ɗaya ake rabawa dubu a auna da gutsure guda. Yanzu kuma kin ce daƙiƙa sukutum. Kwamfutar ta san kin canza ma'auni? Don mu a wurinmu, idan ka sa sifanar inci a kan notin milimita, zai kama kamar ya zauna, sai ka ja ya cinye kan notin.

Ta jawo kwamfutar gabanta. Ta hau sama ta duba, ta sauko ta duba. Ta dafe kai.

Ta ce, "Innalillahi. Wata biyu."

Ashe ma'auni biyu ta haɗa a lissafi ɗaya. Wani sashe yana tafiya da daƙiƙa, wani da gutsurenta, bambancin ninki dubu, shi ne lambobin suke haukacewa. Ta mayar da su duka ma'auni ɗaya. Bai fi layi uku ta taɓa ba. Ta yi bismilla ta latsa.

Tsini ya fito. Wani ya biyo shi. Suka jeru reras har ƙarshen allo.

Innarta da ke laɓe a bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka aiko tambaya ko haihuwar ce.

Da na raka shi bakin titi na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, yaushe ka ga kuskuren nan?"

Ya ce, "Tun kafin a kawo ruwan sha."

Na tsaya cak. Na ce haba Malam, mace da tsohon ciki ka bar ta awa biyu a tabarma?

Ya ce, "Oga Isa, ranar da za ta tsaya kare aikin nan ba ni za a tambaya ba. Ba ma lallai ina wurin ba. Yanzu ko a barci aka tashe ta ta san me kowane layi yake yi." Ya hau babur ɗinsa ya ƙara da cewa, "Ka gyara gemu, ka kusa zama kaka."

Rabona da shi ke nan.

Ta miƙa aikin ranar Alhamis, da kwana ɗaya a hannu. Sati bai cika biyu ba ta haihu. Na aika masa saƙo, ya amsa da addu'a mai tsawo ya ce sai ranar suna. Jiya da yamma saƙo ya zo daga makaranta: an karɓi aikin, an sa mata ranar karewa bayan ta gama wanka. Na kira shi sau huɗu in gaya masa, ba a ɗauka ba. Har na yi mita a raina, na ce manyan nan da waya.

Ashe yana asibiti a Kano kwana biyu ke nan. Ya hana iyalinsa su faɗa wa kowa, wai kada a ɓata wa mutane hidima.

Bai ji an karɓi aikin ba. Wannan ne yake ta cin raina tun safe.

Na gaya wa Hafsatu rasuwar. Ta juya fuska bango da jaririn a ƙirji. Sai da na kai ƙofa ta ce, "Baba, zan je in kare aikin nan. Ko wa za su kawo."

A maƙabarta, bayan an watse, surukina mijin Hafsatu ya matso kusa da ni. Yaro ne mai kunya, bai cika yi mini doguwar magana ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, akwai abin da ban gaya muku ba. Ranar da aka haifi yaron nan, da na yi masa huɗuba, sunan Malam na raɗa masa a kunne. Mun so ne sai ranar suna ya ji da kunnensa a cikin mutane."

Kwana huɗu ina ɗaukar yaron nan ina masa wasa ina ce masa abokina, ban san sunan wa yake ɗauke da shi ba.

Yayan marigayin ya ce kada mu ɗaga komai, ranar Asabar a raɗa suna yadda aka shirya, shi ma zai zo.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Abdulhadi. Ka yafe masa kurakuransa na fili da na ɓoye, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa abin da ya koya wa manya da yara ya riƙa isa gare shi. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu. Ka raya mana wannan ƙaramin a kan halin mai sunan.

Duk wanda ya karanta ya kai nan, don Allah kada ya wuce da alamar kuka kawai. Ya ajiye wayar ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. 'Yan ajinmu na yamma da suka rage, wanda ya gani ya karanta wa wanda idonsa ya yi rauni. Mu haɗu a ƙofar gidansa gobe bayan la'asar.